Rigar Sulke ta Zamani

Rigar sulke ta zamani, wadda wasu ke kira rigar kariya daga harsashi, tufa ce da ake sanyawa a gangar jiki domin ta tare harsashi ko ɓarɓashin abin fashewa kafin ya kai ga zuciya da huhu da manyan jijiyoyin jini. Sojoji da 'yan sanda ne suka fi amfani da ita, amma 'yan jarida masu aiki a fagen fama da masu rakiyar kuɗi da masu gadi, har ma da ɗaiɗaikun mutanen da ke fargabar farmaki, su ma suna sayenta. Babu wata riga da ke tare kowane irin harsashi. Kowace an ƙera ta ne domin wasu makamai sanannu, saboda haka amfaninta ya rataya ne a kan dacewarta da haɗarin da ake tsoro, da zamanta daidai a jikin mai ita, da kuma sabon da ya yi da ita.

Asali

Kalmar sulke tsohuwa ce a ƙasar Hausa, domin tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, kuma har gobe ana ganin 'yan sulke da 'yan lifidi a hawan salla. Wannan sulke na takobi da mashi da kibiya ne, zuwan bindiga ya kashe masa kasuwa. A 1897 wani limamin kirista ɗan asalin Folan mai suna Casimir Zeglen ya gwada rigar siliki a birnin Chicago, ta kuwa tare harsashin ƙananan bindigogin zamanin, sai dai tsadarta ta hana ta yaɗuwa. Babban sauyi ya zo ne a 1965, lokacin da masaniyar sinadarai Stephanie Kwolek ta kamfanin DuPont ta gano zaren da aka sa wa suna Kevlar, wanda daga shekarun 1970 ya ba 'yan sandan Amurka rigar da za su iya wuni da ita a ƙarƙashin kaki.

Mai laushi da mai tauri

Riga mai laushi ana yin ta ne da falle-falle masu yawa na zare irin su Kevlar da Twaron, ko na wata roba mai ƙarfi da ake sayarwa da sunan Dyneema ko Spectra. Idan harsashi ya same ta, zaren yakan kama shi kamar koma, ya baje shi, ya raba ƙarfin bugun a faɗin rigar. Wannan dabara tana aiki a kan harsashin ƙaramar bindiga, amma ba ta da tasiri a kan na babbar bindiga irin AK-47, wanda gudunsa ya haura mita 700 a daƙiƙa, kuma tsininsa ke ratsa zaren ya wuce.

Domin irin wannan harsashi ne ake cusa faranti mai tauri a aljihun gaba da na bayan rigar, wanda girmansa ya fi yawan zama santimita 25 da 30. Na ƙarfe ya fi araha da juriya, amma yana da nauyi, kusan kilo huɗu kowane ɗaya, kuma harsashin da ya tarwatse a kansa yana iya fantsama zuwa haɓa ko hannu idan ba a lulluɓe farantin da wani abu mai kauri ba. Na tangaran yana farfasa harsashin ne yayin da shi ma yake tsagewa, shi ya sa ba a son ya riƙa faɗuwa ƙasa. Na roba zalla ya fi duka sauƙin ɗauka, sai dai harsashi mai zuciyar ƙarfe kan huda shi.

Matakan kariya

Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne na hukumar NIJ da ke ƙarƙashin ma'aikatar shari'ar Amurka. A tsarinta na 2008 akwai matakai biyar. Matakan IIA da II da IIIA na ƙananan bindigogi ne, inda IIIA ke tare har da harsashi mai ƙarfi da ake kira .44 Magnum. Mataki na III yana jure harbi shida na harsashin soja mai milimita 7.62, na IV kuma yana tare harbi ɗaya na harsashin da aka ƙera musamman domin huda sulke. A 2023 hukumar ta fitar da sabon tsari mai sunaye HG1 da HG2 na ƙananan bindigogi, da RF1 zuwa RF3 na manya.

A wajen gwajin ana ɗora rigar a kan laka, sannan a auna zurfin lotsawar da harbi ya bari, wanda iyakarsa ita ce milimita 44. Wannan adadi ya isa ya nuna cewa wanda rigarsa ta tare harsashi ba ya tashi lafiya lau, domin bugun yana iya karya haƙarƙari ko ya jawo zubar jini a ciki. Haka kuma rigar harsashi ba lalle ne ta tare wuƙa ko tsinke ba, tunda tsini yana raba zaren ne ya kutsa. Kariya daga suka tana da ma'auninta daban, kuma ita aka fi nema a Ingila, inda harin wuƙa ya fi na bindiga yawa.

Zaɓi da aunawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen mataki mafi girma ba tare da tunanin nauyi da zafi ba, sai rigar ta ƙare a rataye a ɗaki. Mai tsoron ƙaramar bindiga a cikin gari ya fi amfana da riga mai laushi da zai iya sanyawa kullum, yayin da mai bin hanyar da 'yan bindiga masu AK-47 ke tarewa ba abin da mai laushin za ta yi masa. Ya kamata mai saye ya nemi sunan samfurin a jerin da hukumar gwaji ta amince da shi, domin rubutun da ke cewa an gwada riga bisa ma'auni ba ɗaya yake da shaidar hukuma ba, ga jabu kuma ya cika kasuwar intanet.

Wajen aunawa, bakin farantin gaba na sama ya tsaya daidai ramin da ke ƙasan maƙogwaro, faɗinsa ya rufe tsakanin nonuwa biyu, ƙasansa kuma ya tsaya kaɗan a saman cibiya domin kada ya tokare maƙogwaro idan an zauna. Na baya ya yi daidai da na gaba a tsawo. Masu sabon shiga sukan bar faranti ya sauko kan ciki saboda ya fi daɗi a haka, alhali sun bar manyan jijiyoyin da ke saman zuciya a buɗe.

Atisaye

Riga tana sauya yadda mutum ke numfashi da sunkuyawa da shiga mota da fita daga cikinta, don haka ake fara sabo da ita da tafiyar ƙasa ta ɗan gajeren lokaci, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, kafin a kai ga gudu da hawa bene da kwanciya da tashi. Zafi shi ne babban abokin gaba, domin rigar tana hana gumi bushewa a ƙirji da baya, kuma jiki yakan ɗauki kusan mako biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi. Jiri da ciwon kai da ruɗewa alamu ne na a tsaya a kwance rigar a sha ruwa. Masu horarwa suna koyar da fuskantar haɗari da ƙirji maimakon juya gefe, saboda hammata da kwiɓi ne inda kariya ta fi rauni. Tunda wuya da hannuwa da cinyoyi a waje suke, horon yakan haɗa da koyon ɗaura ɗamarar tsayar da jini, da saurin cire rigar daga jikin wanda ya ji rauni, kuma duk wanda aka harba a riga asibiti ya kamata ya nufa ko da bai ga jini ba.

Adana da doka

Yawancin kamfanoni suna ba riga mai laushi garantin shekara biyar. Ba a sa fallayenta a injin wanki, ba a shanya su a rana, ba a naɗe su. Ana goge su ne da tsumma mai ɗanshi a ajiye a shimfiɗe. Muhimmancin tsufan zare ya fito fili a 2003, lokacin da harsashi ya ratsa rigar wani ɗan sanda a jihar Pennsylvania wadda aka yi da zaren Zylon, bincike ya nuna zafi da ɗanshi suna raunana shi, har NIJ ta janye amincewa da irin waɗannan riguna a 2005.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka dokar tarayya ta haramta mallakar rigar ga wanda aka taɓa samu da babban laifin amfani da ƙarfi a kan mutane, jihar New York kuma ta taƙaita sayar da ita ga wasu sana'o'i bayan harin bindiga da aka kai a birnin Buffalo a 2022. A Najeriya tana cikin kayan da ba a shigo da su sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro.