Waiwaye: Yadda binciken Jamaika ya shigar da wasa cikin maganin tamowa

Duk wanda ya yi wayo a Maraɗi kafin 2005 ba zai manta da shekarar ba. Fari da fara sun ci amfanin daminar 2004, kuɗin tiyar hatsi ya haura, uwaye suka riƙa kwararowa daga Madarunfa, Ɗan Isa, Tibiri da Gidan Rumji da yara goye waɗanda ko kuka ba sa iyawa. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jiharmu. Tun daga nan muka saba da zaren awon hannu mai ja da rawaya da kore, da kuma leda mai ɗauke da gyaɗa da madara ta Plumpy'Nut. Wannan ɓangaren mun koye shi sosai, kuma ya ceci rayuka. Akwai ɗaya ɓangaren, wato wasa da hira da yaro, da har yau ba mu ba shi haƙƙinsa ba, kuma asalinsa yana da nisa.

Tun 1945 wani likitan ƙwaƙwalwa, René Spitz, ya rubuta a kan jariran gidajen marayu waɗanda ake ciyarwa ana yi wa wanka, amma suna ƙanjamewa saboda babu mai ɗaukarsu ko yi musu magana. A 1951 wani likitan ƙwaƙwalwar, John Bowlby, ya kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan kulawar uwa da lafiyar tunanin yaro. Sai dai duk wannan ya tsaya a bayanin illa. Wadda ta gwada magani ta bi sawunsa shekara da shekaru ita ce Sally Grantham-McGregor, likita 'yar Ingila da ta daɗe tana aiki a Jamaika.

A 1986 zuwa 1987 ita da abokan aikinta suka zaɓi yara 129 a unguwannin talakawa na birnin Kingiston, masu wata 9 zuwa 24, dukkansu tsumburarru, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Aka raba su kashi huɗu. Kashi ɗaya aka riƙa ba su kilo guda na garin madara kowane mako. Kashi na biyu, ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ke zuwa gida sau ɗaya a mako, ta yi awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta faɗa masa sunan abin da ya taɓa, ta yaba masa in ya yi daidai. Kayan wasan ma na gida ne, irin robobi da murafai da tsummoki. Kashi na uku suka samu duka biyun, na huɗu kuwa duba lafiya kawai. Haka aka yi shekara biyu.

Sakamakon farko ya fito a mujallar Lancet a 1991: madarar ta taimaka, wasan ya taimaka, waɗanda suka haɗa biyun kuma suka fi kowa ci gaba. Abin da ya ɗaga darajar aikin shi ne ba a saki yaran ba. Da aka koma musu bayan shekaru, amfanin madarar ga kaifin basira ya dusashe, na wasan kuma yana nan. Suna da shekara 17 zuwa 18, waɗanda aka yi wa ziyarar wasa sun fi ƙarancin fargaba da ƙuncin zuciya. Suna da 22, sun fi ƙarancin shiga faɗa da tashin hankali. A 2014 mujallar Science ta buga lissafin da aka yi tare da James Heckman, masanin tattalin arziki da ya ci kyautar Nobel, cewa abin da suke samu a wurin aiki ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin 100. Awa guda a mako ce fa, ga yaron da bai ma iya magana ba.

Maganar ta shiga takardun hukuma. A matakai goma na jinyar tamowa mai tsanani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, na tara shi ne motsa hankalin yaro da nuna masa ƙauna. A 2012 hukumar da UNICEF suka fitar da tsarin horar da ma'aikata kan wasa da hira da jarirai. Gaskiya ne yaran Kingiston tsumburarru ne, ba masu ramar gaggawa irin na 2005 ba. Amma tsumburewar ita ce ta fi yi mana katutu a Maraɗi, inda ƙididdigar da ake yi ta sha nuna ta shafi fiye da rabin ƙananan yara.

Na taɓa zaman jinyar ɗan ƙanwata a wani ɗakin masu tamowa ana tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke haɗuwa da ƙarewar rumbu. Gado ɗaya yara biyu. A gefenmu akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara 17 ba da ɗanta na fari. Tana ba shi madara a kan lokaci, tana yi masa tsarki, amma ba ta kallon idonsa, ba ta kiran sunansa, don surukarta na zaune. Kunyar ɗan fari ce, kuma babu wanda zai ce ba ta son sa. Wata ma'aikaciya ta lura. Ba ta yi wa yarinyar faɗa ba, sai ta zuba tsakuwa uku a robar ruwa, ta ɗaure murfin tam, ta miƙa wa tsohuwar.

"Inna, ai mijinki ne, ke ya kamata ki yi masa hira."

"To 'yar nan, shi da ko idonsa bai buɗe ba, me zai ji?"

"Yana ji, Inna. Kaɗa masa ki gani."

Kwana uku yaron bai kula ba. A na huɗu ya bi ƙarar da ido, ya miƙa hannu.

A ganina nan ne binciken ya dace da gidajenmu fiye da yadda takardu suka hango. An tsara shi a kan uwa da ɗanta, mu kuwa muna da kaka da ke wasan miji da mata da jikanta, da yaya mai goyo, da goggo. Uwar da ta wuni tsakanin turmi da rijiya da gamana ba ta da awa guda ta zauna, amma kakar tana da ita. Horon da ake ba matan da ke zaga gidaje da zaren awon hannu ya kamata ya haɗa da wannan, kuma a riƙa kiran kakanni wurin zaman. Ranar da aka sallami yaron, an ba uwarsa ledojin Plumpy'Nut na mako guda da ranar dawowa awo. Robar tsakuwar kuma tsohuwar ce ta ƙulle ta a bakin zanenta.