Kayan gyaran injin esfireso da injin niƙan kofi, da yadda suke cinyewa

Injin esfireso na'ura ce da ke tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin kofi mai laushi wanda aka danne, kofin ya sauko da kauri cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 da 'yar kumfa ja-ja a samansa. Ƙarfin turin da aka saba aiki da shi bar 9 ne (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turi), zafin ruwan kuma tsakanin digiri 90 zuwa 96. Abokin tafiyarsa shi ne injin niƙa, don kofin wanga ba ya yin kyau sai an niƙa 'ya'yan nan take. Dukansu biyun akwai sassa a jikinsu da tun daga kamfani an yi su ne don su cinye a canza, irin su roba, rariya, bawul, famfo da haƙoran niƙa, su ne ake kira kayan gyara ko safaya.

A Katsina da Daura dai shayi ne sarki, sai Nescafé na wajen mai shayi da gahawa a wasu gidaje, amma injinan nan sun fara shigowa otal-otal da wuraren cin abinci da ofisoshi, wasu kuma suna tahowa da su tsaraba daga Saudiyya ko Dubai ko su sayi ɗan gwanjo. Abin da ke da ciwo shi ne yadda zaka ga inji mai tsadar gaske an jefa shi sito ya yi ƙura wai ya mutu, alhali in an buɗe roba ce guda ta bushe ko wani ɗan rami ya toshe.

Asali

A 1884 Angelo Moriondo ya yi rajistar injin dafa kofi da tururi a birnin Turin na Italiya. Luigi Bezzera na Milan ya inganta shi a 1901, Desiderio Pavoni ya sayi haƙƙin ƙirar ya shiga ƙerawa. Bayan yaƙin duniya na biyu Achille Gaggia ya fito da mai hannun ja da sifirin, shi ya kawo turi mai ƙarfi da kumfar nan. A 1961 kamfanin Faema ya fitar da E61 mai famfon lantarki, kuma har gobe kamfanoni da dama na amfani da kan injin E61 ɗin, wato wurin da ruwa ke fitowa ya ratsa garin kofi, shi ya sa kayan gyaransa suka fi na kowa sauƙin samu. Faɗin bakinsa milimita 58 ne, amma ƙananan injinan gida da yawa na De'Longhi 51 ne, na Breville kuma da yawa 54, to tun daga nan mutum ya san ba kowace safaya ce ke shiga kowane inji ba.

Robar kan inji da rariya

Abin da ya fi komai saurin cinyewa shi ne gaskit, zoben roba mai kauri da ke cikin kan inji inda ake murɗa mariƙin kofi, wato hannun nan mai ɗan kwando da ake zuba gari a ciki. Kullum tana cikin zafi, kullum ƙarfe na gogarta, sai ta bushe ta yi tauri ta fara tsagewa. Alamar ba ta ɓuya, ruwa zai riƙa zubowa ta gefen mariƙi maimakon ta ƙasa, kuma hannun da ya kamata ya tsaya saitin cikin mai aiki sai kaga yana wucewa can dama kafin ya kama. Inda ake aiki kullum ana canza ta duk wata shidda zuwa shekara. Ta E61 ana samun mai kaurin milimita 8 da mai 8.5, mai kaurin ana sa ta ne in kunnuwan mariƙi sun fara cinyewa don tsufa. Ta silikon ta fi baƙar roba jure zafi kuma ta fi sauƙin cirewa, in da hali ita ya kamata a saya.

In an bar gaskit ta shekara biyu ukku cire ta aiki ne, don ta riga ta manne. Masu gyara kan ɗaura ƙusar katako mai zare a jikin robar, ba tare da ta taɓa tagullar da ke ƙasa ba, su kama da filaya su fizgo, wani lokacin gutsure-gutsure take fitowa sai an bi da tsinke. Dole a kankare ramin tas kafin a sa sabuwa, in ɗan guntu ya rage sabuwar ma yoyo za ta yi.

Ƙasan ta akwai rariya, ɗan faifan ƙarfe mai ƙananan huji da ke watsa ruwa kan gari. Man kofi na taruwa a bayanta ya yi baƙi ya yi wari, shi ke sa kofi ɗaci ko da 'ya'yan masu kyau ne. Ana cire ta a jiƙa a garin wanki na musamman irin Cafiza ko Puly Caff. Injin da ke da bawul mai hanya ukku, wanda ke sakin ragowar ruwa zuwa tire da zarar an kashe, ana mishi wankin baya, a sa kwando marar huji da ɗan garin wanki a kunna a kashe sau da dama. Wanda ba shi da bawul ɗin ba a yi mishi haka.

Famfo

Iri biyu ne. Injinan gida famfo mai karkarwa gare su, maganaɗisun lantarki ne ke kai fistin gaba da baya, ya yi ta gurnani, wanda aka fi gani shi ne na kamfanin Ulka. Ba shi da tsada kuma canza shi ba wuya, amma ba a barin shi yana aiki ba hutu, kuma ba ya son a kunna shi tanki ba ruwa. Manyan injinan shago kuma famfo mai juyawa gare su da motar lantarki, irin na Procon ko Fluid-o-Tech, ya fi shiru ya fi daɗewa, sai dai in ya fara yoyo ta wajen shaf ruwan na gangarawa cikin mota ya ci boris. Rubutun bar 15 da ake gani a kwali iyakar ƙarfin famfon ne kawai, a injina da yawa akwai wani bawul mai sifirin da ke rage shi, shi ma ɗin yana gajiya. Kafin a yanke wa famfo hukunci a fara duba ko iska ce ta shiga layi ko matatar tanki ce ta toshe.

Ruwa

Nan ne babbar maganar, don ruwa ya fi komai kashe injinan nan. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa na ɗauke da sinadarin kalsiyam da magniziyam, in ya yi zafi sai su kwanta su zama farin ɓawo mai tauri. Ba sai an je nesa ba, a leƙa cikin butar lantarkin gida ko tukunyar mai shayin unguwa, in akwai farin nan a gindi to shi ne zai kwanta cikin inji, kuma cikin inji akwai hujin da bai kai milimita ɗaya ba. In ya lulluɓe elemen ɗin da ke dafa ruwa, zafi ba ya fita yadda ya kamata, inji ya riƙa daɗewa kafin ya yi zafi, ƙarshe elemen ya fashe. In ya lulluɓe ɗan sandan da ke auna yawan ruwan tukunyar da ke cikin inji sai inji ya ɗauka ba ruwa, ya yi ta ɗura har ruwa ya riƙa fita ta bututun tururi. In ya shiga bawul sai ya maƙale.

Ƙungiyar masu kofi ta SCA ta sa taurin ruwa tsakanin 50 zuwa 175 a ma'aunin ppm, wato kashi nawa cikin miliyan, kuma don lafiyar inji gara a tsaya ta ƙasa-ƙasa. Ana auna shi da 'yar takardar gwaji ko ruwan ɗigawa, ba su da tsada, kuma ya kamata a gwada ko da fiya wata ko ruwan gora ake zubawa tunda kowane kamfani da inda yake ɗibar ruwansa. Amma fa kar a ce to bari a zuba ruwan batir wanda aka tace tas, shi ma matsala ne, sandan awon nan da lantarkin da ke ratsa ruwa yake aiki, ruwa marar sinadari ko kaɗan ba ya ganin shi, ga shi kuma yana cin ƙarfe a hankali, kofin ma salam yake fita. Ruwa mai gishiri-gishiri kuma yana huda har tukunyar da ba ta tsatsa.

Wanke ɓawon ana yi da sitirik asid ko maganin da kamfanin injin ya ce. Tukunyar alminiyam, irin ta tsofaffin Gaggia Classic, ba ta son asid mai ƙarfi. Tsohon injin da ya shekara ba a wanke ba kuwa in aka zuba mishi magani kai tsaye ɓawon kan ɓare ya tafi ya toshe wani wuri, irin wannan sai an kwance shi an jiƙa sassan ɗai-ɗai.

Wuta

Wutar Najeriya bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka 120 mai bugu 60. Injin Amurka in aka soka shi a bango kai tsaye nan take zai ƙone, kuma ko safaya za a saya dole a duba, don famfo da elemen da kwayil ɗin bawul duk akwai na 120 akwai na 230 kuma kamarsu ɗaya. Injin gida kan ja wat 1,000 zuwa 1,500, na shago mai kai biyu ya haura 3,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Wuta mai hawa da sauka ita ke cin allon kwamfutar inji, shi ne kuma safaya mafi tsada, don haka sitabilaiza mai ƙarfi ba ado ba ne. A tabbatar akwai wayar ƙasa, elemen in ya tsage jikin inji ne zai riƙa jan mutum, ga ruwa a wurin.

Haƙoran injin niƙa

Injin niƙa na kirki ba wuƙa gare shi ba irin ta bilenda, haƙora biyu ne na ƙarfe ko tangaran, ɗaya a tsaye ɗaya na juyawa, tazarar da ke tsakaninsu ita ke sa laushi. Akwai shimfiɗaɗɗu akwai masu tsini. Injin niƙa Mazzer Super Jolly da ake yawan gani a shaguna haƙora masu faɗin milimita 64 gare shi, Mahlkönig EK43 kuma 98. Wanda ya saba da injin markaɗen unguwa ya san in haƙori ya dakushe ana kai shi a wasa a maido, to na kofi ba a yi mishi haka, tsagar jikinsa an yanke ta ne da lissafi, da zarar an goga mishi dutse ya tashi daga aiki, sai dai sabo, kuma biyun tare ake canzawa.

Da kilo ake lissafin ransu ba da shekara ba. Na ƙarfe masu milimita 64 kan kai wajen kilo 400. In ana sa giram 18 a kofi guda, kilo 400 ya haura kofi 22,000, kenan mai shan biyu a rana a gida zai yi shekaru masu yawa bai canza ba, amma shagon da ke sayar da 100 a rana wata bakwai zuwa takwas ya cinye su. In sun dakushe ba yanka suke ba murƙushewa suke, gari ya fito da ɗumi yana dunƙulewa, niƙa ta riƙa ɗaukar lokaci, kullum ana ƙara matse saiti amma ruwa na wucewa da gudu, kofin kuma ya haɗa tsami da ɗaci lokaci guda. A cire filogi a buɗe a goga farce a bakin haƙorin, mai kaifi zai kankari farcen, dakusasshe kuwa santsi kawai za a ji.

Tsakuwa ita ce ajalinsu na farat ɗaya, musamman kofin da aka shanya a ƙasa ba a tsince shi da kyau ba, guda ɗaya ta isa ta ɓantare na ƙarfe ko ta fasa na tangaran. Sai kuma abin da ke faruwa a gidajenmu, a ga inji na niƙa da kyau a ce bari a zuba citta ko kanumfari ko masoro na shayi. Don Allah a bari. Busasshiyar citta na da zare da tauri, kanumfari kuma mai gare shi da ke cin roba kuma ƙamshinsa ba ya fita, kayan ƙamshin gahawa a daka su a turmi daban. Haka ɗanyar shinkafa da wasu ke niƙawa wai don wanki, ta fi kofi tauri kuma tana wahalar da mota. Buroshi ya isa, ba a sa wa haƙoran ƙarfe ruwa don tsatsa, lokacin hunturu kuma a riƙa rufe mazubin a lulluɓe injin da ƙyalle, ƙurar nan yashi ce mai laushi.

Wajen sa sababbi a duba wane ɓangare motar ke juyawa, don akwai haƙoran dama akwai na hagu, faɗinsu ɗaya amma in aka sa ba daidai ba gari ba zai fito ba. A goge mazauninsu sosai, ƙwayar gari ɗaya a ƙasa ta isa ta karkatar da haƙori. Sababbi sai sun ci 'yan kilo kafin niƙarsu ta daidaita. In kuma mota na gurnani ba ta tashi, yawanci ko wani abu ya maƙale ko kafasita ce ta mutu, ita kuma mai gyaran fanka ko firji ma zai iya canza ta in an samu mai lamba ɗaya.

Neman kaya

Yawancin kayan nan sai an aika Kano ko Legas ko a yi oda ta intanet, ga kuɗɗin dala ga jira, don haka mai shago ya aje gaskit biyu, rariya, zobban robar bututun tururi da fis tun kafin a buƙace su. A ɗauki hoton farantin lambar da ke ƙasa ko bayan inji a tura wa mai sayarwa, a kuma auna tsohuwar da abin awo maimakon a kwatanta da ido. Zoben roba na shagon kayan mota ko da ya shiga ba a yi shi don abin sha mai zafi ba, haka giris ɗin mota, akwai na silikon da aka yi don kayan abinci.

Tukunyar tururi tana aiki ne a wajen bar 1 zuwa 1.5, ruwan ciki ya wuce digiri 100, don haka ba a kwance ko noti ɗaya sai an cire wuta, an saki tururi, inji ya huce. Bawul ɗin kariya da ke saman tukunya in ya fara huci canza shi ake, sannan a duba makunnin da ke kashe elemen in turi ya kai, don sau da yawa shi ne ya maƙale. Kar a yarda wani ya toshe bawul ɗin nan da noti ko ya haɗe wayar fis ɗin zafi kai tsaye don inji ya tashi.