Garamond: ga amsoshin, a daina maimaita mini tambaya

Wane ne Garamond ɗin?

Claude Garamond, masassaƙin haruffan ɗab'i ne a Paris, ya rasu a 1561; da sunansa ake kiran salon haruffan Garamond na kwamfuta da littattafai. Da hannu yake fitar da kowane harafi a jikin ƙarfe. Samfurinsa kuwa daga littattafan da Aldus Manutius ya buga a Venis ya ɗauko.

Me ya sa na kwamfutata bai yi kama da na littattafai ba?

Suna ne ya zo ɗaya. Wanda ke cikin Word na kamfanin Monotype ne, kuma daga haruffan Jean Jannon, wani masassaƙin haruffa a garin Sedan da ke Faransa a yau, aka kwaikwayo shi. An daɗe ana jingina aikin Jannon ga Garamond, har sai da Beatrice Warde, masaniyar haruffan ɗab'i, ta tona gaskiyar a 1926. Sunan dai ya riga ya zauna. Kada ka damu, na Jannon ma ba abin rainawa ba ne.

Wanne ne na asali?

Masu kusa da shi: Adobe Garamond na Robert Slimbach, 1989, da EB Garamond da aka ɗauko daga takardar samfuri ta 1592. Na biyun kyauta ne.

Zan iya buga littafin Hausa da shi?

To, a nan sai a hankali. Garamond bai san ƙ, ɗ da ɓ ba, kuma yawancin tsofaffin nau'o'in ba a ƙara musu ba. Idan babu harafin, kwamfuta ba za ta gaya maka ba, aro shi za ta yi daga wani salon. Sai ka ga "ƙasa" da ƙ mai kauri, ta fi sauran tsawo, ko an buɗe fayil a wajen mai ɗab'i akwatuna sun fito a madadin haruffan. Ka fara gwada EB Garamond, amma ya danganta da bugun da ka sauke. Rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya", ka maimaita da manyan baƙaƙe, da karkatattu, da masu kauri, don wani nau'in a nan yake ba da kunya. Buga a takarda ka duba da idonka. In ya yi, mai da aikin PDF kafin ka kai. Ko da hakan, sai ka ga gwajin farko kafin a kunna inji.

Me ya sa yake fitowa ƙanana?

Haka ƙirarsa take. Ƙara wa girman harafin lamba ɗaya.

Ya dace da allon talla?

A'a. Siraran layukansa ɓacewa suke daga nesa.