Farfaɗowar waƙoƙin jaz na zamanin siwin

Farfaɗowar waƙoƙin jaz na zamanin siwin ita ce komawar da mawaƙan baya-bayan nan suka yi ga tsofaffin waƙoƙin Amurka na shekarun 1930 da 1940, suna sake rera su da muryoyinsu, wani lokaci tare da babban rukunin makaɗa, wani lokaci da fiyano da bas da ganguna kawai. Ba tashi ɗaya aka yi ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 abin ke kwantawa yana sake tasowa, kowane karo da sababbin fuskoki.

Tushen waƙoƙin

Masana tarihin kiɗa kan fara ƙirga zamanin siwin daga watan Agustan 1935, lokacin da rukunin Benny Goodman ya girgiza zauren rawa na Palomar a Los Angeles, zuwa tsakiyar shekarun 1940. Siwin salon jaz ne na rawa, kuma shugaban makaɗa ne mai suna: Duke Ellington, Count Basie, Glenn Miller, Tommy Dorsey. Mawaƙi kuwa ɗan aiki ne. Yana zaune a gefen dandali, idan lokacinsa ya yi ya miƙe ya rera ɗan abin da aka ware masa, ya koma kujerarsa. Haka Ella Fitzgerald ta fara a rukunin Chick Webb, haka Frank Sinatra ya yi a wajen Dorsey.

Abin da ya juya lamarin har da yajin aikin 1942 zuwa 1944, lokacin da ƙungiyar makaɗan Amurka ta hana 'ya'yanta naɗar faifai saboda rikicin kuɗi da kamfanoni. Haramcin bai shafi mawaƙa ba, don haka suka ci gaba da shiga ɗakin naɗa. Ga yaƙin duniya ya kwashe matasa, ga tsadar riƙe makaɗa goma sha biyar ko fiye. Kafin a ankara, sunan mawaƙi ya hau saman na makaɗi.

Waƙoƙin kansu ba mawaƙan ne suka tsara su ba. Marubuta irin su Cole Porter, Irving Berlin, Jerome Kern, Harold Arlen da 'yan'uwan nan George da Ira Gershwin ne suka rubuta su, yawanci don wasannin dandali na Broadway da fina-finan Hollywood. Wannan shi ne sirrin daɗewarsu. Tunda ba a ɗinka waƙar daidai wuyan mutum ɗaya ba, kowa na iya sa ta. Da yawansu gajeru ne, awo 32 da aka kasa gida huɗu: karin farko, maimaicinsa, sai wani kari daban a tsakiya, sannan a dawo na farko. Cikin wannan ɗan fili ake gane gwani: inda ya ja numfashi, inda ya jinkirta kalma ta faɗo bayan bugun ganga, inda ya karkatar da karin ya dawo da shi ba tare da ya ɓace ba.

Bayan kiɗan rok ya mamaye kasuwa daga tsakiyar shekarun 1950, sai aka fara ganin waɗannan waƙoƙi a matsayin kayan iyaye. Duk da haka, faya-fayai takwas da Ella Fitzgerald ta yi wa kamfanin Verve tsakanin 1956 da 1964, kowanne na marubuci guda ko abokan rubutu biyu, sun tattara gadon wuri ɗaya. Har yau masu koyo can suke komawa.

Dawowa

Waɗanda suka fara buɗe ƙofar ba 'yan jaz ba ne. Willie Nelson, mawaƙin salon kantiri, ya fitar da Stardust a 1978. Linda Ronstadt, wadda ta yi suna a rok, ta haɗa kai da Nelson Riddle, tsohon mai tsara wa Sinatra kiɗa, suka yi faya-fayai uku daga 1983. A 1991 Natalie Cole ta rera waƙoƙin mahaifinta Nat King Cole, har aka haɗa muryarta da tasa ta hanyar na'ura, alhali ya rasu tun 1965. A 1992 faifan ya ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a matsayin gwarzon faifan shekara. A bikin 1992 ɗin ne kuma aka fara ba da kyauta ta musamman ga wannan salon.

Labarin Tony Bennett daban ne, domin shi bai taɓa barin waƙoƙin ba, jama'a ne suka bar shi suka dawo. Wasan da ya yi a tashar MTV a 1994 ya kai shi kunnen jikokin masoyansa na farko. A 2014, yana da shekara 88, faifansa da Lady Gaga ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka. Ya rasu a 2023.

Farkon ƙarnin nan kasuwar ta cika: Diana Krall da Michael Bublé daga Kanada, Robbie Williams da Jamie Cullum daga Ingila, sai Rod Stewart da ya jera faya-fayai biyar daga 2002 zuwa 2010.

Kwaikwayo ko rayarwa

A nan ake saɓani. Masu sharhi da dama na ganin wani ɓangare na farfaɗowar kwat da nakatayi ne kawai: an ari shigar Sinatra da tsarin kiɗansa, ba a ƙara komai ba. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake waɗannan faya-fayan ne suka sa miliyoyin mutane suka san waƙoƙin.

Aikin da ya fi nauyi yana wajen masu ɗaukar waƙar kamar yau aka rubuta ta. Cécile McLorin Salvant, haifaffiyar Miami, mahaifinta ɗan Haiti, mahaifiyarta Bafaranshiya, ta lashe gasar jaz ta Thelonious Monk a 2010. Takan tono waƙoƙin da aka manta, har da masu ƙasƙantar da mata ko baƙar fata, ta rera su yadda mai sauraro ba zai iya kauce wa kalmomin ba. Faya-fayanta uku a jere sun ci Grammy. Samara Joy, 'yar unguwar Bronx da aka haifa a 1999 a gidan mawaƙan coci, ta lashe gasar mawaƙan jaz ta Sarah Vaughan a 2019, sannan a 2023 ta karɓi Grammy ta gwarzuwar sababbin mawaƙa, kyautar da ba kasafai take zuwa hannun ɗan jaz ba.

Laufey, sa'arta daga Aisland, ta bi wata hanyar: maimakon ta tsaya ga tsofaffin waƙoƙin, sai take rubuta sababbi bisa ƙirarsu, kuma ta TikTok matasa da yawa suka fara jin ta. Ana ta muhawara kan ko jaz take yi ko waƙar zamani ce cikin tsohuwar riga. Kyautar Grammy da ta samu a 2024 dai ita ce ta musamman ɗin nan da aka fara bayarwa a 1992.