Sauya wili mai waya da na faifan ƙarfe a tsofaffin motocin Birtaniya

Sauya wili mai waya da na faifan ƙarfe gyara ne da ake yi wa ƙananan motoci masu kujera biyu waɗanda kamfanonin Birtaniya irin su MG da Triumph da Austin-Healey suka ƙera daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu zuwa 1980. Aikin bai tsaya ga kwance wili a ɗaura wani ba, domin wili mai waya yana zama ne a kan cibiya mai haƙora da babban noti guda, shi kuwa na faifan ƙarfe kusoshi huɗu ne ke riƙe shi a yawancin waɗannan motoci. Sauƙin aikin ko wahalarsa ya danganta da yadda kowane kamfani ya ƙera cibiyar da aksul na baya tun daga masana'anta.

Asali

Kamfanin Rudge-Whitworth na birnin Coventry, wanda ya fara da ƙera kekuna, shi ne ya fito da wili mai waya da ake iya cirewa da noti ɗaya, a wajajen 1907 ko 1908. A bakin aksul akwai cibiya mai ƙananan haƙora a jere, a cikin wilin kuma akwai wasu haƙoran da ke shiga tsakaninsu, sannan a ɗaure da noti mai kunnuwa biyu wanda ake bugawa da gudumar dalma ko ta jan ƙarfe. Notin ɓangaren dama na mota tiredinsa na hagu ne, na ɓangaren hagu kuma na dama ne, domin juyawar wili ta riƙa ƙara masa tsauri maimakon ta kwance shi. Masu tseren motoci sun karɓi tsarin hannu bibbiyu, saboda ana sauya taya cikin ɗan lokaci, iska kuma tana ratsa wayoyin ta sanyaya birki.

Bayan yaƙi al'amarin ya fara sauyawa, domin buga faifan ƙarfe da inji ya fi araha nesa ba kusa ba a kan ɗaura wayoyi ɗaya bayan ɗaya da hannu. Motar MG TC, da aka ƙera daga 1945 zuwa 1949, ta zo da dogayen wili masu waya na inci 19, amma TD da ta gaje ta ta zo da faifan ƙarfe na inci 15, abin da bai yi wa masu son tsohon salo daɗi ba, har sai da kamfanin ya dawo da mai waya a matsayin zaɓi a kan TF ta 1953. Jaguar XK120 ma da faifan ƙarfe ta fara fitowa, da murfi da ke rufe ƙafafun baya, kuma duk wadda aka sa wa wili mai waya sai a cire mata murfin, saboda notin mai kunnuwa ba zai sami wurin juyawa ba. Daga wannan lokaci faifan ƙarfe ya zama shi ne na asali a yawancin samfura, mai waya kuwa ado ne da mai saye ke ƙara wa kuɗi. Haka aka yi da MGA daga 1955, da MGB wadda aka ƙera a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, mai wili na inci 14 da wayoyi 60.

A ƙarshen shekarun 1960 dokokin kiyaye haɗari a Amurka sun hana notin mai kunnuwa, aka maye gurbinsa da noti mai kusurwa takwas da ake kwancewa da babbar sifana. A daidai wannan zamani wilin Rostyle, wanda kamfanin Rubery Owen ke bugawa da ƙarfe amma da fasalin ƙawa, ya shigo kan MGB da MG Midget, kuma ya rage wa mai waya farin jini sosai.

Dalilan sauyawa

Babban dalili shi ne cinyewar haƙora. Idan ba a shafa musu giris a kai a kai ba, ko aka riƙa tafiya noti bai ɗauru da kyau ba, bakin haƙoran yakan cinye ya yi kaifi, a fara jin ƙwas a lokacin tashi ko taka birki. Idan abin ya yi nisa, cibiya na iya tsayawa wilin ya ci gaba da juyawa a kanta, wato birkin wannan ƙafa ya tashi daga aiki. Sabon wili a kan tsohuwar cibiya ba ya daɗewa, saboda haka gyara na gaskiya yana buƙatar sayen dukansu biyu, kuma a nan ne masu mota da yawa ke lissafi su ga faifan ƙarfe ya fi musu sauƙi. Ban da wannan, wayoyi suna saki ko su tsinke, tsofaffin wili masu waya ba sa riƙe iska sai da tub, daidaita nauyinsu na buƙatar kayan aiki na musamman da ba kowane shagon taya ke da su ba, wanke su kuma aiki ne mai cin lokaci.

Yadda ake aikin

A motocin Triumph irin su TR4 da TR6 da Spitfire aikin ba shi da wuya, domin cibiya mai haƙora ɗaura ta aka yi a kan kusoshi huɗu na asali. Ana kwance ta ne kawai, sai dai kusoshin gajeru ne a motar da ta fito da wili mai waya, kuma dole a sa dogaye kafin notin faifan ƙarfe ya sami isasshen tiredin kamawa.

MGB ta fi ɗaukar aiki. A gaba ana cire cibiyar gaba ɗaya a sa mai kusoshi, a mayar da faifan birki a kanta, sannan a daidaita boris da siraran zobban da ke ba shi ɗan sarari. Matsalar tana baya, inda aksul na mota mai wili mai waya ya fi na mai faifan ƙarfe gajarta da kimanin inci ɗaya da rabi ko ɗan fiye, domin cibiya mai haƙora tana turo wili waje. Idan cibiyar kaɗai aka sauya, tayoyin baya sukan shige ciki, kuma masu faɗi suna iya gogar jikin mota ko sifirin. Wasu kanikawa suna cike giɓin da zoben ƙarfe a bayan wili da dogayen kusoshi, amma hanyar da aka fi amincewa da ita ita ce sauya aksul ɗin dungurungum, tare da wayar birkin hannu da bututun man birki da suka dace da tsawonsa. Akwai kuma aksul iri biyu a MGB: tsohon salo na motocin farko, da wanda ya fara zuwa da samfurin GT mai rufin ƙarfe a 1965 ya kuma bazu zuwa sauran a wajajen 1967, kuma kayan ɗaya ba sa shiga ɗaya.

Tazarar kusoshi ma ta bambanta: inci 4.5 a MGB da jerin TR na wancan zamani, inci 4 a Midget da Sprite ta Austin-Healey, inci 3.75 a Spitfire. Saboda haka wilin wata motar ba lalle ne ya hau wata ba ko da girman taya ɗaya ne, kuma notin Rostyle daban yake da na faifai mai murfi.

Saɓanin ra'ayi

Masu riƙon asali suna ganin sauyin yana rage darajar mota, wasu kuma suna nuna cewa motoci da yawa da faifan ƙarfe suka fito, daga baya ne aka sa musu mai waya. Takardar shaida daga cibiyar adana tarihin motoci ta Gaydon a Ingila takan nuna irin wilin da mota ta bar masana'anta da shi.

A yau

Wasu masu motocin suna zaɓar wilin alminiyom irin na Minilite, wanda ake samu mai kusoshi ko mai hawa cibiya mai haƙora.