Waiwaye: Igiyoyin da suka ɗaure tsokar ɗan Adam

Tambayi ɗalibin likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello, ko yana Samaru ko ya koma asibitin koyarwa na Shika, yadda tsoka ke motsi, aktin da mayosin zai ambata maka, wato zaruruwan furotin iri biyu da ke cikin tsoka. Da gaskiyarsa. A 1954 ne Hugh Huxley da Jean Hanson, da kuma Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, suka nuna cewa zaruruwan nan biyu zamewa suke a kan juna, sai tsoka ta takure. To amma me ke riƙe da su a sahu? Darni ma in babu igiyar ɗauri, iska ɗaya ta ishe shi.

An kwashe shekara ashirin da 'yan kai kafin amsa ta fara fitowa. A 1976 Lazarides da Hubbard suka gano desmin, wanda ke ɗaure kowane dami na zaruruwa da maƙwabcinsa. Koscak Maruyama na Japan ya tsinkayo wani furotin mai talewa kamar roba, Kuan Wang a Amurka ya raɗa masa suna taitin a 1979. Har yau ba a san furotin da ya kai shi girma a jikin ɗan Adam ba.

Duk da haka, a ganina, cuta ce ta sa aka ɗauki maɗauran nan da muhimmanci. Tun shekarun 1860 likitan Faransa Guillaume Duchenne ya bayyana ciwon da ke cin tsokar yara maza. Sai a 1987 Hoffman da Brown da Kunkel suka gano abin da yaran suka rasa: distirofin, mai haɗa aktin da tantanin da ya lulluɓe ƙwayar tsoka. In babu shi, tantanin na yagewa kaɗan-kaɗan da kowane motsi. Haka filektin, mai ɗaure desmin a mazauninsa: a 1996 aka tabbatar lalacewarsa na haɗa raunin tsoka da fata mai saurin yin bororo.

A unguwanninmu na Zariya, yaron da ƙafa ta gaza da wuya a ƙi cewa shan inna ne. Alhali shan inna farat ɗaya yake zuwa, galibi bayan zazzaɓi. Ciwon Duchenne kuwa sanɗa yake yi: yaro ya riƙa faɗuwa, sha-raɓarsa ta yi kauri, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwa da cinya. Ta wajen uwa akan gaje shi, kuma gwajin jini kan ba likita alamar farko.