Takalmin Aiki a Ƙasashen Dusar Ƙanƙara: Wanne Za a Saya?

Da zarar Nuwamba ta kama, 'yan'uwanmu da ke Kanada da Ingila sai su fara cigiyar takalmi, musamman masu aikin gini, da masu kai saƙo gida-gida, da masu aikin gona. Hunturun da muka saba da shi a gida busasshe ne, iyakarsa kaushi da faso. Na can kuwa da lema yake tafe, kuma lemar ce ke kayar da mutum. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Ba sai in ɗauki mafi kauri in huta ba?

A'a. Ruwa yana janye ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, don haka jiƙaƙƙiyar ƙafa ba ta ɗumi ko da wane irin takalmi aka sa mata. Lemar kuma iri biyu ce: wadda ke shigowa daga waje, da gumin ƙafarka. Mai kai saƙo da ke hawa bene yana sauka, in ya sa takalmi mai kauri fiye da kima, kafin azahar safarsa ta jiƙe sharkaf, da ya tsaya kuma sanyi ya kama shi daga ciki.

Za ka ga an rubuta giram 200, ko 400, ko 800 a jikin kwali. Wannan nauyin kowane murabba'in mita ne na abin ɗumin da aka shimfiɗa a ciki, galibi Thinsulate na kamfanin 3M. Mai yawan zirga-zirga, 200 zuwa 400 ya ishe shi. Mai gadi ko mai ba motoci hannu, wanda ke wuni a tsaye wuri ɗaya, shi ke bukatar 600 zuwa sama. Gari ma yana da nasa hukuncin. A Manchesta ruwa da taɓo ne suka fi yawa, sanyin bai cika yin nisa ƙasa da sifili ba. A Winnipeg kuwa, a watan Janairu yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Takalmin da ya fid da kai a ɗaya zai iya ba ka kunya a ɗayan.

Yaya zan gane wanda ruwa ba ya shiga da gaske?

Karanta kwalin da kyau. In an rubuta "water-resistant", yayyafi kawai yake tarewa na ɗan lokaci. Wanda aka rubuta "waterproof" shi ne mai wata siririyar shimfiɗa tsakanin fata da rufin ciki. Wadda ta fi suna ita ce Gore-Tex, da ta samo asali daga binciken Bob Gore a 1969. Ƙofofinta ƙanana ne ƙwarai, ɗigon ruwa ba ya ratsawa amma tururin gumi yana fita. Wasu kamfanoni suna da tasu, ba dole sai wannan sunan ba.

Sai ka zura hannu ka duba harshen takalmin. In ba a ɗinke shi da gefe biyu har sama ba, ta ramukan igiya ruwa zai bi. Yawan ɗinki a jiki ma ba ado ba ne, kowane layi ƙofa ce. Ni dai na fi yarda da fata mai kauri, falle ɗaya, wadda wuyanta ya wuce idon sawu sosai.

Dogon takalmin roba fa?

Ga mai wuni cikin taɓo ko garken shanu, babu kamarsa. Sai dai ba ya fid da gumi, kuma marar rufi a ciki sanyi yake kamar randa. A nemi mai rufin ɗumi.

Su S3 da sauran lambobin da ake gani a jikin takalmin aiki, me suke nufi?

A Ingila da Turai ana bin ƙa'idar EN ISO 20345. Duk takalmin da ke ɗauke da ita, hancinsa zai jure faɗowar abu mai kilo 20 daga tsayin kusan mita ɗaya. S3 na nufin ƙusa ba za ta huda tafin ba, fatar kuma tana tare ruwa gwargwado. S7, da aka shigo da ita a 2022, ita ce ta haɗa wannan da hana ruwa a takalmin gaba ɗaya. In ka ga CI, an gwada tafin a kan sanyi. A Kanada koren tambari mai kusurwa uku na CSA, ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta ƙasar, ake dubawa, a wuraren gini da yawa ba a barin mutum ya shiga ba tare da shi ba. A Amurka kuma ƙa'idar ASTM F2413 ake bi.

Hancin ƙarfe yana ɗaukar sanyi ya miƙa wa yatsu, shi ya sa a wuri mai tsananin sanyi aka fi son wanda ba na ƙarfe ba. Kuma kafin ka zare kuɗinka, tambayi wurin aikinka: a dokar Birtaniya, in aikin na bukatar takalmin kariya, wanda ya ɗauke ka aikin ne zai ba ka kyauta.

Santsi fa?

Juya takalmin ka danna tafin da babban yatsa. Roba mai laushi da zurfin zane ita ke kama ƙasa, mai tauri kuwa in sanyi ya buge ta sai ta koma kamar faranti. Amma a kan sulɓin ƙanƙara babu tafin da za a rantse da shi. Akwai 'yan ƙusoshi da ake ɗaurawa a ƙarƙashi, a cire in za a shiga ɗaki.

In ɗauki lambar da na saba?

Je ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka yi aiki da ita. Yatsu su samu wurin motsi, domin matsattsen takalmi yana hana jini gudu, nan da nan ƙafa ta sandare. Safa ta zama ta ulu. Ta auduga tana riƙe gumi. Ka riƙa ajiye guda a jaka don canji, kuma bayan alwala ka tsane ƙafa sosai, har tsakanin yatsu, kafin ka mayar. Mai ciwon suga ya ƙara kula, ya duba ƙafarsa kullum da dare.

Me ke kashe takalmi da wuri?

Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, sai kuma hita. Gishiri yana busar da fata, ya bar farin zane, don haka a goge da ɗanyen tsumma in an dawo. Jingina shi da hita kuwa yana tsattsaga fata, ya saki gam. A zare shimfiɗar ciki, a cusa tsohuwar jarida, a bar shi ya sha iskar ɗaki, lokaci-lokaci a shafa masa man fata. Mai hali ya sayi biyu yana musanyawa. In kuma ka samu wanda aka ɗinke tafinsa da zare maimakon gam kaɗai, ko ya cinye ba ka yi asara ba, mai gyaran takalmi zai sa maka sabon tafi a kan tsohuwar fatar.